Filasko da sanamakki: yadda ake shan su ba tare da an cutu ba

Da wuya ka shiga shagon magungunan Musulunci a Kano, Kaduna, Maraɗi ko Damagaram ka fito ba ka ga ƙullin sanamakki ba. A kasuwar ƙauye kuwa filasko za ka tarar, mai magani ya baza shi a kan buhu yana auna wa mutane da hannu. 'Yan gida ɗaya ne. Masana tsirrai suna kiran sanamakki Senna alexandrina, shi ne wanda ake nomawa sosai a Sudan da Indiya, filaskon da ke fitowa da kansa a jejinmu kuma Senna italica. Aikinsu ɗaya, su sa mutum bahaya, kuma suna yi. Ba irin maganin da ake sha a yi ta sauraro ko ya yi aiki ba ne. Washegari da safe za ka san ka sha wani abu. Asibiti ma ba ta musa ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sanamakki cikin jerin muhimman magungunanta, kuma ƙwayar da ake sayarwa a kemis da sunan Senokot daga jikinsa aka ciro ta.

Wannan ƙarfin nasa shi ne dalilin da ya sa ba a yi masa shan shayi. Magani ne na taurin bahaya, na 'yan kwanaki, da awo. Yawancin waɗanda ya wahalar, ko dai ba su auna ba, ko sun mayar da shi abin kullum, ko kuma sun sha shi don abin da ba aikinsa ba ne.

Masu sayarwa kan kafa hujja da ruwayar Asma'u bint Umais da ta zo a Tirmizi da Ibn Majah, inda Annabi (SAW) ya tambaye ta da me take wanke cikinta, ta ce da shubrum, wani tsiro mai sa zawo, ya ce wannan mai zafi ne, daga baya ta koma sana, wato sanamakki, ya yaba da shi. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinta, wannan fagensu ne. Amma ko a cikin ruwayar, abin da aka guje wa shi ne maganin da ke wa ciki tsanani. Wanda ya dafa cikin hannu guda na ganyen ya shanye, ya koma wa abin da aka guje wa ɗin.

Abin da yake yi a cikin ciki

Sai an gane wannan sauran bayanin zai zauna. Ganyen yana ɗauke da wani sinadari da ake kira senosayid. Idan aka sha, yana wuce tumbi da ƙaramin hanji bai yi komai ba. Sai ya isa babban hanji ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a can suke farfasa shi, ya zama wani abu mai tsikarar bangon hanjin. Daga nan abu biyu ke faruwa: hanjin ya riƙa matsawa da ƙarfi yana tura abin da ke ciki, sannan ya daina tsotse ruwa daga kashi kamar yadda ya saba, har ma ya zubo nasa ruwan da gishirin jiki a ciki. Shi ya sa bahayan ke fita da laushi, idan an zarce kuma ya zama ruwa tsululu.

Doguwar tafiyar nan ita ke sa ba ya aiki nan take. Yakan ɗauki awa 6 zuwa 12. Nan mutane da yawa ke faɗawa rami: a sha kofi ɗaya, a jira awa biyu shiru, a ce bai kama ba, a ƙara. Kafin asuba kofi biyun sun haɗu a wuri ɗaya.

Filasko bulala ce a kan jaki. Tana sa shi tafiya yau, amma ba ta ƙara masa ƙarfi, ba ta kuma gyara abin da ya sa ya tsaya.

Mataki na farko: tabbatar taurin bahaya ne

Ba dole ba ne lafiyayye ya yi bahaya kullum. Daga sau uku a rana har zuwa sau uku a mako duk lafiya ce, muddin yana fita ba wahala. Taurin bahaya shi ne a yi ƙasa da sau uku a mako, ko kashin ya yi tauri guntu-guntu, ko sai an yi yunƙuri da nishi, ko a tashi ana jin bai ƙare ba. Kumburin ciki bayan an ci wake, ɗacin baki, kasala, ƙurajen fuska, duk waɗannan da ake tarawa a ce "dattin ciki" ne, ba su ne ake shan filasko dominsu ba. Hanji ba ya tara wani datti da sai an wanke duk wata. Abin da ke fita bayan an sha, mai wari da yauƙi, kashi ne da bai gama zama ba, haɗe da ruwa da majinar da hanjin ya zubo saboda tsikarar da aka yi masa.

Sannan ka tambayi kanka me ya jawo. Akwai magunguna da dama da ke ƙulle ciki: ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu, tramadol, kodin, wasu magungunan olsa, wasu na hawan jini. Akwai ƙarancin shan ruwa lokacin zafi, akwai zaman shago ko ofis daga safe har dare, akwai cin burodi, taliya da farar shinkafa ba ganye, akwai riƙe bahaya saboda ƙyamar banɗakin kasuwa ko na makaranta. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ne, gyara shi tukuna. Ka ba miyar kuka, kuɓewa, kwaɗon zogale ko rama, gwanda, lemo da ruwa mai yawa kwana uku zuwa huɗu. Jiƙon tsamiya ma yana sassauta ciki a hankali. Filasko na bayan waɗannan ne, idan sun gaza.

Mataki na biyu: duba ko kana cikin waɗanda bai kamace su ba

Wannan ya fi duk sauran matakan muhimmanci, domin a nan ake rasa rai.

Kada a sha filasko a kan ciwon cikin da ba a san dalilinsa ba. Idan ciki ya kumbura ya yi tauri, ana amai, ba kashi ba tusa, wataƙila hanji ne ya toshe ko ya murɗe, ko ƙaba ce ta shaƙe. Tilasta wa hanji matsawa a wannan hali na iya fasa shi. Haka ciwon da ya tattaru a gefen dama na mara tare da zazzaɓi, wanda alama ce ta afendis. Haka kuma wanda ya yi kwanaki da zazzaɓi mai zafi cikinsa ya ƙulle: taifod takan zo da taurin bahaya, kuma tana cin bangon hanji har ta huda shi, abin da likitocin tiyata a Arewa suka sani sarai. Duk waɗannan na asibiti ne a ranar, ba na jiƙo ba.

Jini a bahaya, baƙin kashi kamar kwalta, rama ba dalili, ko canjin yanayin bahaya da ya ɗore makonni ga wanda ya haura shekara 45, su ma a je a duba. Ba kowane jini ne basir ba, kuma an sha rufe ciwon daji na hanji da maganin basir har lokaci ya ƙure.

Mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya, mai ciwon hanta, da mai gyambon hanji da ke yawan gudawa da jini, su bar shi sai da izinin likitansu. Wanda yake gudawa ko amai, ko ya riga ya bushe da ƙishirwa, shi ma haka.

Yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba a ba su jiƙon ganyen. Gaskiya ne likita kan rubuta wa yaro ruwan maganin da aka auna, amma wannan daban da tukunyar gida da ba wanda ya san ƙarfinta. Jikin yaro ba ya jure asarar ruwa. Ga wanda ke sa famfas kuma, kashin da filasko ya jawo idan ya kwana a jikin fata yana iya ƙona ta har ta yi bororo.

Mai juna biyu, musamman a watannin farko, ki bari. Taurin bahaya a cikin ciki abu ne da aka saba gani, kuma akwai masu sauƙi irin su lactulose da za a ba ki a wajen awo. Mai shayarwa, kaɗan daga sinadarin yana ratsawa cikin nono. Ƙwayar da aka auna, idan ma'aikacin lafiya ya amince, da sauƙi, amma dafaffen ganye ba awo ba na jego ba ne. Balle a haɗa shi da kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, saboda gishirin da ke cikinta.

Saura masu shan wasu magunguna. Filasko yana zubar da sinadarin fotasiyam daga jiki, wanda zuciya da tsokoki ke dogaro da shi. Idan kana shan maganin sa fitsari irin su Lasix ko Moduretic, ko wani maganin hawan jini mai fitar da ruwa, lissafin gishirin jikinka zai iya rikicewa. Mai shan digoxin don zuciya yana cikin haɗari na musamman, domin idan fotasiyam ya yi ƙasa digoxin kan koma guba. Prednisolone da dexamethasone su ma suna rage fotasiyam, kuma mun san akwai masu shan dexamethasone ba don ciwo ba, don ƙiba. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, gudawa na iya ƙara masa tsinkewar jini. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa kuma ta sani cewa gudawa mai tsanani na iya fitar da ƙwayar kafin jiki ya gama tsotse ta.

Mataki na uku: abin da za ka saya

Idan da zaɓi, ni ƙwayar kemis nake fifitawa, ba don ta fi ganyen albarka ba, sai don an san abin da ke cikinta: kowace ƙwaya miligiram 7.5 ko 8.6 na senosayid. Ganye kuwa ƙarfinsa ya danganta da irinsa, ƙasar da ya fito, lokacin da aka tsinke shi da daɗewar da ya yi a ajiye.

In ganyen za ka saya, nemi wanda ba a daka ba, don ka ga abin da kake saye. Ganyen sanamakki siriri ne mai tsini, launinsa kore mai haske. Na filasko ya fi faɗi, bakinsa a zagaye. Ka shinshina: idan akwai warin fumfuna, ko ya yi baƙi-baƙi, ko ƙasa da tsakuwa sun yi yawa, bar shi. Gari kuwa ba ka da hanyar sanin me aka cuɗa a ciki.

Kada a rikita shi da danginsa. Tafasa ta kwaɗo ce da miya. Rai-ɗore kuma wani abu ne daban, kuma 'ya'yansa na da guba: a yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya an gano cewa cin ɗanyun 'ya'yansa ne ke kashe ƙananan yara ta hanyar lalata hanta, tsoka da ƙwaƙwalwa. In yana bayan gidanka, a hana yara wasa da shi.

Su kuma haɗe-haɗen gora da ake tallatawa a mota da lasifika, masu maganin basir, sanyi, shawara da dattin ciki a kwalba ɗaya, sau da yawa abin da ke sa mai saye ya ce "ya yi aiki" maganin zawo ne da ke ciki. Duba ko an rubuta abubuwan da aka haɗa, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewa. Ka kuma sani cewa lambar da hukumar ke ba maganin gargajiya a matakin farko shaida ce ta cewa an gwada ba a ga yana cutarwa ba, ba shaida ce ta cewa yana warkar da duk abin da aka jera a jikin kwalbar ba.

Mataki na huɗu: awo da haɗawa

Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta sa iyakar abin da babba zai sha a rana a miligiram 30 na senosayid, kuma shawararta ita ce a tsaya a kan mafi ƙarancin abin da zai sa kashi ya yi laushi. Giram ɗaya na busasshen ganyen sanamakki mai kyau yana ɗauke da kusan miligiram 25. Ka ga kenan giram ɗaya ya kusa kai iyaka, kuma giram ɗaya bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi na murtsukakken ganye ba. Cikin hannu da ake zubawa a tukunya ya ninka haka sau da yawa.

Ga yadda za a yi. Murtsuke busasshen ganyen da yatsu. Ɗebi rabin cokalin shayi a karon farko, a shafe, ba a tula ba. Zuba a kofi, ka kwarara tafasasshen ruwa a kai, ka rufe. Bayan minti goma ka tace, ka zubar da ganyen. Kada ka ɗora shi a wuta yana ta tafasa, kada ka bar ganyen a ciki har ya huce, kada kuma ka cinye tukar. Akwai masu jiƙa shi a ruwan sanyi tun safe su tace da dare, kuma da yawa sun fi samun sauƙin murɗar ciki da wannan hanya. In za ka bi ta, awon bai canza ba.

Ɗan citta ko kanumfari a ciki yana gyara ɗanɗano, yana kuma rage wa wasu murɗa. Zuma kaɗan ba laifi ga wanda ba shi da ciwon sukari. Abin da ba a haɗawa shi ne wani maganin zawon: kanwa, man gelo, ruwan ɗacin alobera, ko ƙwayar kemis ta sa bahaya. Ɗaya ya isa.

In ƙwaya ce, babba ya fara da ɗaya da dare. Idan ba ta yi ba, washegari da dare ya sha biyu. Wuce haka sai da likita. Tsofaffi su tsaya a kan rabin abin da matashi zai sha, kuma a tabbatar akwai mai taimaka musu zuwa banɗaki, domin jiri da sauri cikin duhu su ke kawo faɗuwa da karaya.

Bar tazarar kamar awa biyu tsakaninsa da sauran magungunan da kake sha.

Mataki na biyar: lokaci

Bayan sallar isha, kafin kwanciya. Zai same ka da safe kana gida. Kada ka sha daren da za ka wayi gari a mota zuwa Abuja ko Legas, ko daren jarrabawa, ko ranar da za ka wuni a gona cikin rana. Sau ɗaya a rana ake sha, ka bi shi da ruwa, washegari ma ka yawaita ruwa.

Azumi na da nasa hukunci. Taurin bahaya na yawaita a Ramadan, sai wasu su sha da sahur. Wannan shi ne mafi munin lokaci, domin zai kama ka da tsakar rana lokacin da ba halin mayar da ruwan da ya fita, kuma idan azumin ya faɗo a watannin zafi abin na iya kai mutum ga ƙarin ruwa a asibiti. Gara a gyara buɗa-baki da sahur da kayan marmari, ganye da ruwa. In ya zama dole, a sha mafi ƙarancin awo da zarar an sha ruwa, don aikinsa ya zo wajen sahur.

Mataki na shida: karanta abin da jikinka ya gaya maka

Abin da ake nema shi ne bahaya mai laushi sau ɗaya ko biyu. Ɗan murɗar ciki kafin a fita ba abin damuwa ba ne. Fitsari na iya canza launi ya koma ruwan goro ko ja-ja, wannan rinin ganyen ne, yana wucewa idan an daina. Sai dai in akwai zafi wajen fitsari ko gudan jini, to wannan ba rini ba ne.

Idan ka zaga sau huɗu, biyar, ruwa zalla, awon ya yi yawa. Ba alamar "datti na fita" ba ce, kamar yadda mai magani zai ce maka. Kada ka ƙara sha a daren. Kama ruwan gishiri da sukari: na leda da ake sayarwa a kemis ya fi, domin akwai fotasiyam a ciki. In babu, a haɗa a gida, lita ɗaya na ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri. Ayaba, lemo, dabino da ruwan kwakwa suna taimakawa wajen mayar da fotasiyam.

A tafi asibiti ba jira idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: zuciya na bugawa ba daidai ba ko tana tsalle, ƙafafu sun mutu ko tsoka na ɗaurewa, jiri har mutum ba ya iya tsayuwa, fitsari ya ɗauke, jini a bahaya, ciwon ciki mai tsanani da bai lafa ba bayan an zaga, ko kumburin fuska da leɓe da ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi. A tafi da ragowar ganyen ko kwalbar, a kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da aka sha da yawansa. Mutanenmu na ɓoye wannan don gudun faɗa, alhali shi ne zai nuna wa likita gwajin da zai fara yi.

Idan kuma ka sha dare uku a jere ba abin da ya fita, tsaya. Ƙara awo ba shi ne mafita ba, akwai abin da ya kamata a duba.

Mataki na bakwai: sanin ranar dainawa

Mako ɗaya shi ne iyaka in ba likita ne ya ce a ci gaba ba, kuma a cikin makon ma sau biyu ko uku yakan wadatar.

Ga tarkon da ke kama mutane. A al'ada, bahaya ɗaya ƙarshen hanji kawai yake saukewa, sauran na biye a baya don gobe. Filasko mai yawa kuwa yana share babban hanji gaba ɗaya. Bayan haka dole a ɗauki kwana biyu ko uku kafin wani ya taru. Mutum ya ga kwana biyu shiru, sai ya ce cikin ya sake ƙullewa, ya koma wa jiƙo. Ya sake sharewa, ya sake jira, ya sake sha. Cikin wata biyu ya tabbatar wa kansa cewa ba ya iya bahaya sai da magani, alhali hanjin ba a ba shi damar cika ba ne. Ga kuma ruwa da fotasiyam da ke ta zuba, kuma ƙarancin fotasiyam shi kansa yana sa hanji kasala. Maganin ya koma yana haifar da ciwon da ake shan sa dominsa. Saboda haka shirun kwana biyu bayan an sha ba ciwo ba ne, a bar shi.

Masu shan sa watanni suna gamuwa da wasu abubuwan. Bangon babban hanji kan rine ya yi duhu, abin da likita ke gani idan ya leƙa da na'ura. Wannan bai zama ciwo ba, kuma yana washewa cikin watanni bayan an daina, amma shaida ce ta daɗewa ana sha. Ƙoda na wahala da yawan bushewar jiki. An kuma samu waɗanda hantarsu ta kumbura bayan sun daɗe suna shan mai yawa, ko da yake wannan ba kasafai ba ne. Idanu suka yi rawaya, fitsari ya yi duhu, a daina nan take a je gwaji, kada a ce shawara ce a ƙara wani jiƙon a kai.

Shayin rage tumbi

Yawancin shayin da ake tallata wa mata a Instagram da WhatsApp da sunan rage tumbi ko rage ƙiba, in ka karanta jikin kwalin za ka ga senna a ciki, wato sanamakki. Ba ya rage kitse ko kaɗan. Abinci a ƙaramin hanji jiki ke tsotse shi, filasko kuwa a babban hanji yake aiki, bayan an gama. Kilo ɗaya ko biyu da sikeli ke nunawa ruwa ne da kashi, suna dawowa da an sha ruwa. Cikin da ya lafe da safe, da yamma yana nan. A shekarar 2020 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta ƙara tsaurara sayar da irin waɗannan magungunan zawo, ta rage girman kwalin da ake sayarwa a kanti, ta sa a rubuta a jiki cewa ba sa rage ƙiba, saboda yadda masu son rama ke wuce gona da iri da su. Amarya da ake shirya wa biki ta yi mako biyu tana wannan shayi, abin da za ta samu shi ne bushewar fata, jiri da kasala a ranar da ta fi bukatar ƙarfinta.

Wanda ya riga ya saba, yaya zai bari?

In makonni kaɗan ne, a daina kawai. In an yi watanni ko shekaru, a fara da zuwa asibiti a auna fotasiyam da aikin ƙoda, sannan a janye a hankali: a rage awon zuwa rabi na mako ɗaya ko biyu, a koma shan sa bayan kwana bibbiyu, sannan sau biyu a mako, har a bari. Likita na iya ba da lactulose ko macrogol a wannan tsakani, waɗanda ke jawo ruwa cikin kashi ba tare da tsikarar hanji ba.

A sa rai da abu biyu don kada su firgita mutum ya koma. Na farko, ciki zai yi nauyi, bahaya ya yi jinkiri na kwanaki. Na biyu, ƙafafu da fuska na iya ɗan kumbura, sikeli ya hau. Dalili shi ne jikin ya daɗe yana riƙe gishiri da ruwa don kare kansa daga zawo, kuma ba ya sakin wannan ɗabi'a rana ɗaya. Yakan sauka da kansa cikin 'yan makonni. Rage gishiri da dunƙulen miya a lokacin yana taimakawa, kuma kada a nemi maganin sa fitsari don a sauke kumburin. In kumburin ya zo da haki ko ya ƙi sauka, a koma wa likita.

Sai a sake koya wa hanji lokacinsa. Hanji ya fi motsi bayan karin kumallo, don haka a sha ruwa ko koko mai ɗumi, a ci abinci, bayan minti ashirin zuwa talatin a shiga banɗaki a zauna kamar minti biyar, ko da ba a ji komai ba, ba tare da yunƙuri ba. A yi haka kullum a lokaci ɗaya. Tsugunno ya fi zama a kan masai na kujera sauƙin fitar da kashi, wanda kuma na kujera gare shi ya sa ɗan kututture ko bulo a ƙarƙashin ƙafa don gwiwa ta ɗara ƙugu tsawo. Ganye da wake a ƙara su kaɗan-kaɗan, domin in aka tula su rana ɗaya kumburi da iska za su dame ka, kuma a bi su da ruwa, in ba haka ba su ma suna ƙulle ciki. Tafiyar ƙafa ta rabin awa bayan la'asar tana motsa hanji. Idan an yi wata guda a kan wannan tsari ba canji, a nemi a yi gwajin sukari da na thyroid, wato halittar da ke gaban wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, domin ciwon sukari da raunin aikin thyroid duk suna kawo taurin bahayan da jiƙo ba zai taɓa gyarawa ba.